Makin Na-Biyu Na Jiran Idon Tela

A layin da shagonsa yake, ba wanda ke kiransa mai aski. Na-Biyu ake ce masa. Haka masu zuwa aski ke yi masa sallama, haka mai shayin bakin titi ke ƙwala masa kira, jikokinsa ma Kaka Na-Biyu suke cewa, sun ɗauka sunansa ke nan. Matarsa kan ce masa Malam idan da baƙi a gidan. Da sun tafi sai ta bi sahun jama'a.

Gajere ne mai ɗan tumbi, ya haura sittin, kansa kuma babu gashi ko ƙwaya, abin da abokan cinikinsa ba su taɓa gajiya da yi masa tsiya a kai ba. Wurin kawunsa ya koyi sana'ar, ya fara da sharar gashi da wankin tawul, ya buɗe nasa shagon shekarar da ya yi aure. Da kilifar askin nan ya aurar da 'ya'ya mata uku, ya kai namijin makaranta har ya gama. Shagon ɗaki ɗaya ne: kujerar aski da ta daina juyawa ta hagu, madubi mai tsaga a kusurwa, dogon benci, da fanka mai ƙugi kamar za ta faɗo. Ƙarƙashin madubin akwai durowa biyu. Ta sama reza ce da hoda da man gashi. Ta ƙasa kuwa gem ne cike, 'yan na'urorin wasa irin na hannu na da, waɗanda yara ke dannawa kafin wayar salula ta zo ta kore su.

Na farkon wani direban babbar mota ne ya manta da shi a kan benci, bai kuma sake biyowa ta layin ba. Na-Biyu ya lura cewa duk wanda ya riƙe abin ya daina mitar layi ya yi tsawo. Daga nan ya shiga tarawa. Wasu ya tsinto a kasuwar gwanjo, wasu iyaye ne suka kawo masa bayan 'ya'yansu sun girma sun bar gida. Akwai mai ruwan toka, mai nauyi, da ake soka wa kaset ta baya. Akwai siriri mai ninkewa. Akwai kuma wata 'yar na'ura mai araha da kowa ke kira Rawaya, wadda aka rubuta a jikinta cewa wasa dubbai ne a ciki, alhali 'yan ƙalilan ne ake ta canja musu sauri.

Idan aka tambaye shi waɗanne ne har yau suka cancanci mutum ya ɓata musu lokaci, ba ya dogon bayani. Benci ne ma'auninsa. Wasan da za a ce wa mutum layinsa ya zo, ya ce wani ya shiga yana zuwa, to wannan wasa ne. Wanda mutum zai ajiye da sauri ya haye kujera, ya mutu, ko da an yi yayinsa a da.

A wannan ma'aunin, tseren mota ya mutu. Hanya ɗaya ce, ka kauce hagu ka kauce dama, kuma a cewarsa duk wanda ya taɓa tsallaka titin kasuwa da rana ya riga ya gama wasan. Ƙwallon ƙafa ma ta mutu, 'yan wasan kamar tururuwa, sai ka yi rabin lokaci kana taya abokan hamayya ba ka sani ba. Masu dogon labari, inda ake yawo ƙauye-ƙauye ana gaisawa da mutane, ya yarda suna da daɗi, amma na mai jinya ne ko mai gadi, ba na wanda ke jiran aski ba. Ɗan gajeren nan mai tsalle yana tsintar kwabbai yana nan da ransa, ya ga malamin makaranta ya makara aji saboda shi. Maciji ma haka, wanda ke ƙara tsawo duk lokacin da ya ci har ya rasa inda zai juya ya ciji kansa. Amma uban tafiyar shi ne jera bulo. Bulalluka na faɗowa daga sama, kowanne da siffarsa, kana juya su kana jera su, layin da ya cika ya ɓace, sauri na ƙaruwa har su rufe ka. Ba a koya wa kowa shi, ba kuma wanda ya taɓa gama shi.

A kan jera bulo ya sami sunansa.

Shagon da ke manne da nasa na Tela ne, dogo siriri mai tef a wuya, abokinsa tun suna samari. Da rana ta take, ciniki ya lafa, sai Tela ya rufe kekensa ya shigo, su yi ta karɓa-karɓa da Rawaya. Suna da doka ɗaya wadda ba su taɓa karyawa ba: maki ba ya zama maki sai ɗayan ya gan shi da idonsa a fuskar na'urar. Shaidar mutane ba ta aiki. Hoto ma ba ya aiki, tun ranar da jikan Tela ya nuna masa hotonsa a waya yana zaune a kan giwa, shi kuwa ko giwar bai taɓa gani ba.

Shekara ashirin da wani abu da suka wuce, wata rana benci cike, Tela ya yi dubu casa'in da 'yan kai. Ya miƙe, ya kai Rawaya dab da hancin mai aski.

"Ka gani?"

"Na gani."

"To jama'a ku shaida. Daga yau ni ne na ɗaya a shagon nan. Mai shagon na biyu ne."

Kafin la'asar sunan ya kai bakin titi. Tun daga ranar mai aski yake bin makin nan. Yakan kusa, sai wani ya shigo ya ce a gyara masa gemu, ko bulo mai tsawo ya ƙi zuwa. Ya san kuma ba wanda zai cire masa sunan sai wanda ya laƙa masa shi.

A bara idon Tela ya fara yana. Zare ya riƙa gagararsa shiga allura, har ta kai sai ya leƙo ya ce, "Na-Biyu, zo ka yi aikin da ka iya." Daga ƙarshe babban ɗansa ya zo ya tafi da shi wani gari a yi masa aiki. Aka sa wa shagon ɗinki kwaɗo.

Cikin kwanakin ne abin ya faru. An ɗauke wuta tun safe, ba kilifa, ba fanka, ba kowa a benci. Na-Biyu ya zauna a kujerar aski da Rawaya don kashe lokaci kawai. Bulo mai tsawo ya zo lokacin da ake nemansa. Ya sake zuwa. Yatsunsa suka riƙa tafiya da kansu, gumi na bin sanƙon yana shiga masa ido, bai share ba. Da bulallukan suka rufe shi, ya dubi lambar da ke sama. Ya cire tabarau ya goge ya sake duba. Ya wuce Tela, kuma ba da kaɗan ba.

Ya miƙe ya waiga. Ba kowa sai ƙuda a jikin madubi.

Ya fita da gudu ya nuna wa mai shayi. Mai shayi ya duba ya jinjina kai ya ce, "Kai, Na-Biyu, ka yi ƙoƙari!"

"Wane Na-Biyu kuma? Ba ka ga lambar ba?"

"Na gani. Amma ni ba Tela ba ne."

Yana komawa shago ya lura da wani abu. Lambobin sun dushe, sai ya karkata na'urar kafin su fito. Batir ne ya yi sanyi. Halin Rawaya kuwa ya san shi sarai: ko an kashe ta tana riƙe maki mafi girma muddin batir na ciki da ɗan ƙarfinsa. Da an zare shi, ko ya ƙare, sai ta manta komai ta koma sifili. Ya kira ɗan Tela a waya. Aka ce aiki ya yi kyau, amma sai likita ya sake dubawa kafin su dawo, ba a san rana ba.

Tun zamanin rediyo Na-Biyu ya san maganin batir mai sanyi. Ko a ɗan cije shi, ko a shanya shi a rana. Cizo sai an ciro. Shanya kuwa, ya yi tunani, ai rana ba ta tambaya ko abu na cikin gida ne ko na waje. Washegari da hantsi ya ɗora Rawaya ɗungurungum a kan dakalin taga, inda rana ta fi dukawa, ya koma ya ci gaba da aski.

Matarsa ce ta fara gani, da ta kawo masa abincin rana a kula.

"Malam, wannan gawayin fa da ka ajiye a taga?"

Ya saki kan mutum rabi da gashi ya fito. Fuskar Rawaya ta yi baƙi ƙirin daga gefe zuwa gefe. Ya ɗauka ta ƙona masa hannu. Ya yi salati, ya zauna a bakin dakali.

"Shanya ta ka yi?" in ji matar. "Wanki ce?"

"Batirin nake shanyawa."

"Da ita a jiki. To ai da ka haɗa da agogon bango da tocilan, a yi aiki ɗaya."

"Ke dai ba ki san abin da ke ciki ba."

"Na sani mana. Tun jiya ka hana ni sakat da lambar nan, har na haddace ta. Kawo in sa mata jiƙaƙƙen tawul."

"Ruwa? Ki rufa min asiri!"

Mai rabin askin ya leƙo da mayafi a wuya ya ce ko a gama da shi ko a mayar masa da gashinsa. Ba wanda ya kula shi. Suka kwantar da Rawaya a kan kujerar aski, ƙarƙashin fanka, matar na yi mata fifita da murfin kula tana dariya ƙasa-ƙasa. Can sai baƙin ya fara janyewa daga gefe, kamar ruwa na bushewa a siminti. Lambar ta fito. Tana nan, sai dai ta ƙara dushewa.

"Ka kira Injiniya," in ji matar, "kafin ka dafa ta."

Injiniya mijin autarsu ne, mai gyaran waya a bakin kasuwa. Mutum ne mai kunya ƙwarai. Tun da ya auri 'yar gidan bai taɓa yarda surukinsa ya taɓa masa kai ba, can wata unguwa yake zuwa aski. Ya zo da yamma da 'yar jakarsa, ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gaida Baba, ya saurari bayani kansa a ƙasa.

"Za a iya, Baba," ya ce. "Sai a haɗa mata sabon batir ta waje da siririyar waya, a liƙe da dalma, kafin a cire tsohon. Ba za ta san an canja ba."

"In kuma ta sani fa?"

Injiniya ya buɗe jakarsa ya fito da kayan aiki. Ya sha gyara wayoyin manyan mutane cike da hotunan biki da lambobin kasuwanci, amma bai taɓa karɓar aiki mai nauyin wannan ba. Na-Biyu ya tsaya a kansa yana haska masa tocilan, numfashinsa na sauka a ƙeyar yaron mutane.

"Baba, da za a ɗan matsa."

"Na matsa."

"Hasken, Baba. Idona kake haskawa."

Ya liƙa waya ta farko, ya liƙa ta biyu. Ya sa tsinke ya ɗago tsohon batir a hankali. Ƙarfen da ke danne batirin, wanda tsatsa ta daɗe da ci, ya karye ya yi tsalle ya faɗa cikin gashin da ke ƙasa. Su ukun, har da matar Na-Biyu da ta tsaya kallo, suka leƙa fuskar na'urar lokaci ɗaya har kawunansu suka haɗu. Lambar na nan, baƙa wuluk, kamar yanzu aka rubuta ta.

Sai dai ba inda za a sa sabon batir a ciki. Injiniya ya ce gyaran ƙarfen sai an yanke mata wuta gaba ɗaya. Don haka aka naɗe batiran waje da salatif, aka kwantar da Rawaya cikin kwalin takalmi da wayoyinta biyu, aka ɗora a saman durowa. Na-Biyu ya kafa doka: a leƙa, kada a taɓa.

Bencin ya canja. Masu jira suka koma kan maciji da ɗan tsalle, amma 'yan jera bulo suka shiga mita, har wani tsohon ɗan sanda ya ce shi ba don aski yake zuwa ba, a gaya masa ranar da za a sallami mara lafiyar da ke cikin kwali. Masu shigowa kan leƙa kwalin su ce, "Ya mai jiki?" Na-Biyu kan amsa da gaske, "Da sauƙi."

Ranar da Tela ya dawo, Na-Biyu bai jira ya huta ba. Ya rungumi kwalin da hannu biyu ya nufi gidansa yana tafiya kamar mai ɗauke da cikakken kwanon mai. Ya tarar da shi a falo cikin baƙin tabarau, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Matar Tela, Hajiya, ta tare ƙofa.

"Sannu da zuwa, Na-Biyu. Me ke cikin kwalin?"

"Dubiya na zo, Hajiya."

"Dubiya da wayoyi? Likita ya ce kada ya ƙura wa ƙaramin abu ido. Ba allura, ba waya, ba wannan shirmen naku."

"Kallo ɗaya ne. Ƙiftawa ɗaya."

Daga ciki Tela ya ɗaga murya. "Wa nake ji kamar Na-Biyu? Labari ya iske ni har gadon asibiti, wai ka yi abin kai. Allah ya sa gaskiya ne. Ni dai ka ga halin da nake ciki, umarnin likita ne." Yana faɗa yana murmushi har kunne.

"Kai da likitan duk bakinku ɗaya!"

"A'a, ka yi haƙuri. Wanda ya jira shekara ashirin, me zai gagare shi?"

Haka ya koma da kwalinsa. Makonni suka shuɗe. Kullum da safe kafin ya share shago sai ya leƙa. Injiniya ya zo ya sake canja batiran waje, wannan karon ya roƙi Baba ya jira a bakin ƙofa. Tela ya fara fitowa, yana zama a benci da baƙin tabaransa, yana juya wa kwalin ƙeya da gangan, yana ba jama'a labarin yadda aka yi masa aiki.

Sai wata ranar Asabar, benci cike har da na tsaye, Na-Biyu na tsakiyar aski, ya hango ta madubi Tela a ƙofar shagonsa, ba tabarau, ya ɗaga allura sama ya zura zare a tashi ɗaya.

Ya kashe kilifa. "Jama'a, kun ga abin da na gani?"

Aka ce an gani. Tsohon ɗan sandan da kansa ya je ya taho da Tela, yana riƙe da hannun rigarsa. Aka sauko da kwalin aka ɗora a kan kujerar aski, bayan an tayar da wanda ake yi wa aski.

"A leƙa, kada a taɓa," in ji Na-Biyu.

"Ni za ka koya wa Rawaya?" Tela ya sunkuya. Ya ja baya. Ya sake sunkuyawa. "Hasken nan na madubi ya yi yawa." Kafin kowa ya yi motsi ya sa hannu ya ɗago ta zuwa fuskarsa, yadda ya saba yi shekara da shekaru. Waya ɗaya ta tsinke, ɗis. Fuskar Rawaya ta yi fari fat.

Na-Biyu ya nemi gefen benci ya zauna, kilifa a cinya. Tela ya juya na'urar gaba da baya, ya dubi wayar da ke lilo, ya dubi abokinsa. Kowa a wurin ya san abin da doka ta ce, ya kuma san ba mai iya shiga idon Tela ya faɗi abin da ya shiga ciki.

Tela ya yi gyaran murya. Ya ajiye Rawaya cikin kwalin a hankali.

"Idon nan sabo ne," ya ce. "Tun daga ƙofa na hango ta. Jan rai kawai nake yi." Ya faɗi lambar tun daga farko har ƙarshe, bai kuskure ko ɗaya ba. "Na gani."

Shagon ya kaure. Mai shayi ya shigo da gudu da ludayi a hannu, tsohon ɗan sandan ya ƙame ya sara wa mai aski, wani ya shafa sanƙon don neman sa'a. Na-Biyu ya miƙe ya gyara rigarsa.

"To faɗa musu. Da bakinka ka sa, da bakinka za ka cire."

"Jama'a ku shaida," in ji Tela, ya ɗaga hannu. "Daga yau kada wanda ya sake ce masa Na-Biyu. A kira shi da sunansa, wato..." Ya tsaya. Ya sosa ƙeya. Ya dubi rufi. "Wato..."

"Faɗa mana!"

"Wallahi yana bakina. Da wane harafi ya fara?"

Mai aski ya dubi bencin. Kowa ya sunkuyar da kai. Mai shayi ya ce shi da sunan ya tarar da shi. Tsohon ɗan sandan ya ce a ba shi zuwa gobe zai bincika.

"Tare muka yi samartaka da kai, Tela!"

"To ai shi ya sa. Abin ya daɗe." Tela ya zaro wayarsa daga aljihu ya miƙa masa. "Kira mana Maman yaranka mu tambaye ta. Amma ka sa a bayyane kowa ya ji, don in ita ma ta yi shiru kada ka ce ni kaɗai ne."